Dashen ƙwai a Legas: a riƙa tara mata rukuni-rukuni ne, ko a bar lab yana aiki kullum?

Duk wanda zai buɗe asibitin neman haihuwa a garin nan, ko kuma yana da shi yana so ya gyara tafiyarsa, akwai shawarar da ya kamata ya yanke tun kafin ya sayi kujerun jira ko ya yi fentin bango, wato yadda zai riƙa gudanar da IVF ɗin kansa, dashen ƙwai kenan, inda ake haɗa ƙwan mace da maniyyin miji a lab sannan a mayar cikin mahaifa. Hanya biyu ce. Ko dai ya riƙa tara mata, ya daidaita musu al'adarsu da magani, a cire ƙwansu gaba ɗaya cikin sati ɗaya ko biyu sannan lab ya huta har zuwa rukuni na gaba, ko kuma ya bar ƙofa a buɗe duk shekara, wadda al'adarta ta zo ta fara allura, ranar da ƙwanta ya nuna a cire ko da ranar Lahadi ce ko ranar Sallah. Na farkon kamar motar tashar Agege ce mai zuwa Kano, ba ta tashi sai ta cika, kuɗinta da sauƙi amma ba kai ke da lokacinka ba, na biyun kuma shata ce. Ina rubuta wannan ne saboda ku biyu, Dakta da ke duba lafiyar matan, da kuma Alhaji da ya zuba kuɗinsa, domin kusan kullum kowa da inda yake ja, kuma kowa da gaskiyarsa.

Maganar ko akwai masu zuwa ma ba ta taso ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 na manya yana haɗuwa da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma aikin ba baƙo ba ne a Legas, tun shekarun 1980 Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie suka fara shi a LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, nan Idi-Araba, 'yan shekaru kaɗan bayan haihuwar jaririyar IVF ta farko a Ingila a 1978. Mutanenmu na Agege da Mile 12 da Alaba Rago da Obalende suna zuwa, ga waɗanda ke tasowa takanas daga Kano da Sakkwato da Yamai su sauka gidan 'yan uwa. Abin tambaya shine wane tsari ne zai riƙe su ba tare da an cuce su ba, asibitin kuma bai durƙushe ba.

Bari in fara da ɓangaren Alhaji, domin nan ne tsarin rukuni yake da ƙarfinsa kuma ba ƙaramin ƙarfi ba ne. Ruwan da ake renon ƙwai a ciki daga waje ake kawo shi, da dala ko yuro ake saye, a firji yake zama tsakanin digiri 2 zuwa 8, kwanansa ƙidayayye ne, in kuma aka buɗe kwalba to yawanci cikin sati guda sai an zubar da saura. Asibitin da yake cire wa mace ɗaya ƙwai yau, wata kuma sai bayan kwana goma, rabin kwalbar nan shara za ta tafi, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kowa ya san abin da zubar da kayan dala yake nufi. In kuwa mata goma sha biyar ne a sati ɗaya, kwalbar za ta ƙare a kan aiki. Haka mai ba da allurar barci, sau ɗaya za ka kira shi ya yi maka safiya uku a jere maimakon ka riƙa nemansa a waya duk bayan kwana biyu. Haka maganin ƙara ƙwai, in za ka ɗauka da yawa lokaci guda dila zai sassauta maka. Sai wuta, a watan Afrilun 2024 aka kai kuɗin Band A, wato layin da ya fi samun wuta, naira 225 kowane yunit daga naira 60 da wani abu, ko kana ƙarƙashin Ikeja Electric ko Eko duk ɗaya ne, ga tsadar dizal, ga batiran inbata da ba sa daɗewa. Uwa uba kuma masanin lab, wanda shi ne yake haɗa ƙwai da maniyyi ya rene su. Ƙwararrun ba su da yawa a ƙasar nan, waɗanda suka goge kuma ƙasashen waje na janye su, shi ya sa ƙananan asibitoci da yawa suke ɗauko mutum ɗaya ya zo ya yi musu satin rukuni ya wuce wani gari.

Amma fa Alhaji, ranka ya daɗe, kada a ce maka tsakanin rukuni da rukuni ana kashe komai a huta. Inkubeta, na'urar da ake renon ƙwai a ciki, ba fitila ba ce, tana buƙatar ta zauna daram a digiri 37 da iskar CO2 wajen kashi 5 zuwa 6, in aka kashe ta sai an wanke an kunna an bar ta ta daidaita kwanaki ana aunawa kafin a yarda a sa ƙwan mutum a ciki. Tankin daskarewa kuwa ba shi da hutu ko na yini ɗaya, 'yan tayin da ke ciki suna cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ruwan yana ƙafewa a hankali, dole wani ya riƙa aunawa yana ƙarawa yana rubutawa. A watan Maris na 2018 a wani babban asibiti a Cleveland ta Amurka tanki ya ɗumama, ƙwai da 'yan tayi kusan 4,000 suka lalace, aka gano ƙararrawar da za ta kira ma'aikata a kashe take. Can kenan da ba a ɗauke wuta. To ina ga nan, in masanin lab ɗinka na haya ne ya tafi Fatakwal sai wata mai zuwa, wa ke duba tankin ranar Asabar da daddare? Wannan kuɗin yana nan ko wane tsari ka ɗauka, don haka rarar da rukuni ke kawowa gaskiya ce amma ba ta kai yadda ake zuzuta ta a takardar neman jari ba.

Yanzu ɓangaren Dakta, kuma nan zan ɗan daɗe domin nan ne abin yake damuna.

Jikin mace ba ya bin kalandar asibiti. Kafin a sa mata ashirin su fara allura rana ɗaya sai an riƙe al'adarsu, ko da ƙwayar tazarar haihuwa ko da doguwar allurar nan ta kwantar da jiki. Wannan ba haramun ba ne a likitance, ana yi a ko'ina, amma ƙa'idar da ƙungiyar ESHRE ta masana harkar haihuwa ta Turai ta fitar a 2019 ba ta goyi bayan a ba da haɗaɗɗiyar ƙwayar tazarar kafin gajeren tsarin allurar da ake kira antagonis ba saboda tana rage nasara, kuma gajeren tsarin nan shi ne ya fi aminci ga mata masu PCOS, matsalar nan da ke hana ƙwai fita a kan lokaci, waɗanda muke gani da yawa. Kaga kenan tun daga farko tsarin asibiti ya fara zaɓar wa mace magani, maimakon jikinta ya zaɓa. Sannan ƙwai ba ya nuna tare, wata kwana 9 na allura sun ishe ta, wata sai 12 ko 13. A tsarin kullum sikanin ne ke faɗar rana. A tsarin rukuni tikitin jirgin masanin lab ne ke faɗa, sai ka ga an yi wa wata allurar ƙarshe, mai ƙarasa nunar ƙwai, da wuri da kwana ɗaya, an ja wa wata da kwana biyu, kowa ya shiga cikin satin. Ba wanda zai rubuta wannan a fayil amma ana yi.

Allurar ƙarshen nan kuwa ba ta da wasa, awa 34 zuwa 36 ne tsakaninta da cire ƙwai. Wadda aka yi wa ƙarfe 10 na daren Litinin, ƙarfe 9 na safiyar Laraba ya kamata tana kan gado. In mata bakwai ne ranar, dole a jera allurarsu da tazara, wannan 9 da rabi, wannan 10, wannan 10 da rabi, nas tana bin kowa a waya cikin dare tana tabbatarwa, to sai ta farko ta maƙale a gosulo a Third Mainland tun daga Oworo, ko cirewar ta biyu ta ba da wuya ta ci minti arba'in, shikenan layin ya goce, ta bakwai tana zaune da rigar tiyata tana kallon agogo, mijinta na safa da marwa a baranda, ƙwan kuma in lokaci ya wuce fashewa yake ya zube cikin ciki ba mai iya kamo shi. Duk asibitin da zai yi rukuni a Legas, ni dai a ganina, wajibi ne ya tanadi masauki kusa da shi inda matan za su kwana daren cirewa, musamman in yana Lekki ko Victoria Island su kuma suna Agege ko Ojo. Ya saka kuɗin a cikin farashi tun farko.

Cikin lab ɗin ma haka. A ɗauka misali mata ashirin, kowacce ƙwai goma, ƙwai 200 kenan, kuma in ICSI za a yi, wato a ɗauki ƙwayar maniyyi ɗaya a soka ta cikin ƙwai ɗaya ƙarƙashin madubi, yadda aka fara a Beljiyam a 1992, to mutum ɗaya ne zai zauna ya yi su ɗaya bayan ɗaya, washegari bayan awa 16 zuwa 18 ya duba waɗanda suka haɗu alhali sababbin ƙwai na shigowa, rana ta uku da ta biyar ga mayar da 'yan tayi cikin mahaifa ga daskarewa. Hannun da ya yi na farko ƙarfe 1 na rana ba shi ne yake yin na ƙarshe ƙarfe 9 na dare ba. Ƙofar inkubeta kuma duk buɗewa ɗaya zafi da iska suna sauka sai sun ɗauki lokaci su dawo, in inkubeta biyu ce take ɗauke da na mata ashirin to yini ake ana buɗe ta.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne sunaye. Mu Hausawa sunayenmu maimaituwa suke, a rukuni guda za ka iya samun Aisha Muhammad biyu da Aisha Ahmad ɗaya, mazajen kuma Sani da Sanusi da Sani, wani lokacin ma mata biyu na miji ɗaya. Ga faranti ƙanana masu kama ɗaya a jere a kan tebur, an rubuta suna da alƙalami a gindinsu, ga mutum ya gaji. A wajenmu wannan ba kuskuren aiki ba ne kawai, nasaba ce. Tun fatawar da ta fito daga Masar a 1980 malamai suka halatta dashen ƙwai da sharaɗin ƙwan matar ne, maniyyin mijinta ne, kuma auren na nan, a kan wannan amanar mutum yake miƙa maka abin da ya tara a kasuwa shekara da shekaru. Maganinsa sananne ne, kowane faranti da kwalba suna ɗauke da cikakken suna da ranar haihuwa da lambar fayil, ba a ɗora kayan mutum biyu a tebur lokaci guda, kuma duk inda za a taɓa ƙwai ko maniyyi ko ɗan tayi sai mutum na biyu ya karanta ya sa hannu. Wannan ƙa'idar tana kan kowane tsari, sai dai a satin rukuni ne ake fi buƙatarta kuma a satin ne aka fi jarabtuwa a tsallake ta, domin mai sa hannun shi ma yana can yana riƙe da wata a tiyata.

Kada a ɗauka tsarin kullum ba shi da nasa ciwon. Yana da shi sosai, kuma ƙaramin asibiti ya fi jin sa. Masanin lab da ke yin ICSI sau biyu a wata hannunsa sanyi yake, aikin nan na sabo ne. Kuma kullum na nufin kullum, ba Asabar ba Lahadi, mutum ɗaya ba zai iya ba, sai biyu aƙalla, da nas masu karɓa-karɓa, da likitan da zai zo sikanin ranar Sallah, in ba haka ba cikin shekara guda za su gaji su ajiye maka aiki. Sannan lissafin inganci yana wuya in adadin ya yi kaɗan. Yarjejeniyar Vienna ta 2017, wadda masanan lab suka cimma, ta ce lab mai kyau ya kamata aƙalla kashi 65 na ƙwan da aka yi wa ICSI su haɗu yadda ya dace, waɗanda suka lalace wajen sokawa kada su wuce kashi 10, kuma aƙalla kashi 40 na waɗanda suka haɗu su kai matakin rana ta biyar. Mai rukuni yana gama sati zai zauna ya fitar da alƙalumansa ya gani, mai mace uku a wata kuwa in ɗaya ta zo da ƙwai marasa kyau duk lissafin ya karkace bai san ko lab ne ko ita ce ba. Sai dai ta wani gefen, in tukunyar gas ta zo da matsala ko ruwan reno ya ɗumama a hanya tun daga filin jirgi, mai tsarin kullum zai gane bayan mace biyu ko uku ya tsaya, mai rukuni kuwa sai ya gane bayan ashirin sun riga sun shiga, ashirin ɗin nan kuma wasu gona suka sayar.

Wajen su matan da mazajensu, gaskiya rukuni yana da daɗi ga wanda ya taso daga nesa. Ka ce wa Hajiya ta zo ranar kaza ta koma ranar kaza, mijinta ɗan kasuwa ne yana bin tirela tsakanin Mile 12 da Arewa, ya san satin da zai zauna. Asibiti ma yana iya kauce wa azumi da lokacin aikin Hajji ya tsara shekararsa. Matan kuma suna samun abokan hira masu irin damuwarsu, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wadda ta shekara goma tana shan gori ita kaɗai. Amma akwai wadda ba ta so ko inuwarta a gani, ta shigo ɗakin jira ta tarar da maƙwabciyarta ko ƙanwar kishiyarta, gobe labari ya zaga unguwa. Kuma wadda ta haura shekara 38, ko gwajin jini na AMH, mai auna sauran ƙwan mace, ya nuna ƙwanta ya yi ƙasa, in ta rasa rukunin nan aka ce sai bayan wata uku, wata ukun nan a jikinta ake cirewa. Mazaje kuma, ko wane tsari ne, a gwada su tun ranar farko, domin kusan rabin matsalar akwai hannun namiji a ciki, kuma mai yawan tafiya a karɓi nasa a daskare tun da wuri, kar ranar cirewa ta zo yana Jibiya waya ba ta shiga.

Akwai jarabawar kuɗi da ke tattare da rukuni wadda ya kamata ku biyu ku yi magana a kanta tun kafin ta zo. In an riga an biya masanin lab da masaukinsa, an sayo ruwan reno, aka duba mata tara ne kawai, za a fara waige-waige, sai a jawo wadda sukarinta bai daidaita ba, ko mai ƙari a mahaifa da ya kamata a fara cirewa, ko wadda magani da lissafin kwana ma za su iya isar ta ba sai IVF ba. Haka ranar mayarwa, wadda ta yi ƙwai da yawa cikinta ya fara tara ruwa, abin da ya dace a daskare duka a mayar wata na gaba, amma in ba mai narkarwa sai rukuni mai zuwa sai a ce a mayar kawai, kuma a zuba uku don a ga ciki, alhali 'yan biyu da 'yan uku su ne ke kawo bakwaini da hawan jini da kwanciya a asibiti. Araha ba ta ado. Kuɗin da aka karɓa tun wata biyu kafin a fara ma ba riba ba ce, amana ce, a ajiye shi daban, a rubuta wa mutane abin da ke cikin farashi da abin da ba ya ciki, da abin da za a mayar musu in an soke kafin cirewa, a kuma samu nas mai jin Hausa ta zauna ta karanta musu. HEFAMAA da ke rajistar asibitoci a jihar nan da ƙungiyar AFRH ta masu wannan aiki suna da ƙa'idojinsu, ga dokar kare bayanan mutane ta 2023, fayil ɗin mai neman haihuwa bai kamata ya riƙa yawo a WhatsApp ɗin ma'aikata ba.

To wanne zan ce a ɗauka? In asibitin sabo ne kuma masu zuwa ba su kai a ce kowane sati ana cire ƙwai ba, rukuni ya fi, amma ƙarami mai zuwa akai-akai, kowane wata ko sati shida, ba gagarumin nan na sau uku a shekara ba. A yanke adadin da ba za a wuce ba a rana gwargwadon hannun da ke lab da yawan inkubeta, Dakta da masanin lab su yanke shi, ba mai karɓar kuɗi ba, kuma in ya cika ya cika ko 'yar waye. A ɗauki masanin lab na dindindin ko da matashi ne, shi ke da tanki da rajista da narkar da 'yan tayi a kowane lokaci, babban na haya ya riƙa zuwa yana taya shi yana koya masa. Kuɗin da za a kashe a allon talla a kan titin Ikorodu a sa shi a inkubeta ta biyu, da janareto na biyu, da ƙararrawar tanki mai kiran waya, da koyon daskarewar zamani wadda sama da kashi 90 na 'yan tayi ke tsira in hannun ya iya. Da zarar daskarewa ta zauna, mayarwa ta fita daga cikin rukuni kenan, kowace mace a mayar mata a watan da mahaifarta ta shirya, kuma a bar ƙofa ga masu shekaru su fara ba tare da jiran kowa ba ko da za a yi asarar rabin kwalba.

Ranar da kuka ga rukuni yana cika tun kafin a sanar, ana tura mata zuwa na gaba da na gaban sa, kuma kuna da masanan lab biyu da za su iya karɓar juna a ƙarshen mako, to lokacin komawa tsarin kullum ya yi. A yi shi a hankali, a fara da rukuni duk sati biyu, a riƙa duba alƙaluman lab kowane wata a gaban kowa har da Alhaji, in sun tsaya inda suke ko sun hau sai a saki kalandar gaba ɗaya.